Gardamar Damina a Kan Cinikin 'Yan Wasa da Naɗin Koci

Idan aka rufe kakar wasannin Turai a ƙarshen watan Mayu, gidajen kallon ƙwallo na Kano da Kaduna da Damagaram suka yi tsit, wanda bai san halin magoya baya ba sai ya zaci sun sami hutu, alhali kuwa a watannin Yuni da Yuli da Agusta ne, watau bazarar Turawa wadda ta yi daidai da daminarmu, gardama take kai maƙura a teburin mai shayi da majalisun bakin titi, domin a lokacin ne ake buɗe kasuwar 'yan wasa, kuma ƙungiyoyin da suka sallami kocinsu suke neman wanda zai gaje shi. Gardamar da ake yi a tsakiyar kaka tana da alƙali, wanda shi ne sakamakon wasan ranar Asabar, amma ta damina ba ta da mai yanke hukunci, saboda haka kowa yakan ba da fatawarsa ba tare da tsoron a ƙaryata shi ba kafin wata uku.

Za ka ji wani ya ajiye kofin shayinsa ya dubi abokinsa ya ce, "Mutumina, wannan sabon kocin naku wane kofi ya taɓa ɗagawa?" Shi kuma ya amsa, "Kai dai bari, Malam, ni ba ta koci nake yi ba. In ba a sayo mana ɗan gaba mai tsada ba, bana ma 'yan rakiya ne mu." Na uku kuwa, wanda idonsa bai bar wayarsa ba tun da aka zauna, sai ya ɗaga kai ya ce an riga an gama magana, gobe ɗan wasan zai je gwajin lafiya. Wanda ya natsu ya saurari irin wannan muhawara zai tarar da cewa, duk da yawan surutun, ma'auni biyu ne kaɗai ake auna al'amura da su, watau tsadar ɗan wasa da girman sunan koci. Ra'ayina shi ne duka biyun hujjoji ne masu rauni, kuma abin da ya fi su tasiri, wanda da wuya a ambace shi a majalisa, shi ne jituwa tsakanin koci da mutanen da suke zaɓo masa 'yan wasa, da kuma ma'aikatan da ke bayan fage waɗanda ba a nuna fuskarsu a talabijin.

Kafin mu kawo shaida, ya kamata mai karatu ya san cewa adadin da jaridu suke bugawa ba shi ne haƙiƙanin nauyin da ƙungiya take ɗauka ba. Ƙungiyar da ta sayi ɗan wasa a kan fam miliyan 80, ta ba shi kwantiragin shekara biyar, a littafin lissafinta fam miliyan 16 take rubutawa kowace shekara, sa'an nan a ɗora albashinsa da la'adar dillalinsa a kai. Wannan ne dalilin da ya sa Chelsea, lokacin da ta sayi Enzo Fernández a Janairun 2023 a kan kuɗin da ya haura fam miliyan 100, ta ba shi kwantiragin sama da shekara takwas, har sai da hukumar ƙwallon Turai ta ƙayyade cewa ba za a ƙara raba irin wannan kuɗi a kan fiye da shekara biyar ba. A wancan lokaci kuma gasar Firimiya ta Ingila tana da ƙa'idar cewa kada ƙungiya ta yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma ba wasa ake yi da ita ba, domin a Nuwamban 2023 an zabtare wa Everton maki 10, waɗanda aka mayar 6 bayan ta ɗaukaka ƙara. Ke nan mai goyon bayan da yake zargin shugabannin ƙungiyarsa da rowa, wani lokaci gaskiya yake faɗa, wani lokaci kuwa hannunsu ne a ɗaure.

Game da labaran da ake yaɗawa kuma, malamanmu sun daɗe da koya mana cewa ba a karɓar ruwaya sai an binciki isnadinta, kuma da za a yi wa jita-jitar damina irin wannan tahkiki, da an tarar mafi yawanta tana komawa ne ga dillalin da yake son a ƙara wa yaronsa albashi, ko ƙungiyar da take son ta ɗaga farashin hajarta.

To, bari mu dubi abin da ya faru da Manchester United a shekarar 2013, domin ban san wani misali da ya fi shi bayyana al'amarin ba. A watan Mayu na wannan shekara Sir Alex Ferguson ya ajiye aiki, bayan ya riƙe ƙungiyar tun Nuwamban 1986, ya ci mata gasar Firimiya sau 13 da kofin zakarun Turai sau biyu, kuma ya bar ta tana riƙe da kambun Ingila da tazarar maki 11 tsakaninta da Manchester City. Shi da kansa ya nuna David Moyes, wanda ya yi shekara 11 a Everton, aka ba shi kwantiragin shekara shida. Magoya baya suka rabu biyu, wasu suna cewa mutumin da bai taɓa cin babban kofi ba ba zai iya da 'yan wasan da suka saba da kofuna ba, wasu kuma suna cewa tun da dattijo ne ya zaɓe shi ai magana ta ƙare. Dukansu a kan mutum ɗaya suke gardama, alhali kuwa ba mutum ɗaya ne ya tafi ba. A wannan bazarar ce David Gill, babban jami'in da ya daɗe yana ƙulla cinikin 'yan wasa tare da Ferguson, shi ma ya sauka, Ed Woodward ya maye gurbinsa, sa'an nan Moyes ya zo da nasa mataimakan, aka rabu da Mike Phelan da René Meulensteen da Eric Steele, waɗanda su ne suka san halin kowane ɗan wasa a sansanin atisaye. Sai ya zamana koci baƙo ne, mai ciniki sabon hannu ne, waɗanda za su nuna musu hanya kuma sun kama gabansu.

Sakamakon haka ya bayyana a kasuwa tun kafin ya bayyana a fili. Aka shafe makonni ana zawarcin Cesc Fàbregas na Barcelona ba a samu ba, maganar Ander Herrera na Athletic Bilbao ta watse a ranar ƙarshe, Everton ta ƙi sakin Leighton Baines, har dai a daren da za a rufe kasuwa, 2 ga Satumba, aka sayo Marouane Fellaini daga Everton a kan fam miliyan 27.5. Abin takaicin shi ne akwai sharaɗi a kwantiraginsa cewa wanda ya biya fam miliyan 23.5 kafin ƙarshen Yuli zai ɗauke shi, kuma babu wanda ya fi Moyes sanin wannan sharaɗi tun da shi ne kocinsa na jiya, amma aka yi ta jinkiri har wa'adin ya wuce, aka biya ƙarin miliyan huɗu a banza. A Janairu aka ƙara da Juan Mata daga Chelsea a kan fam miliyan 37.1, wanda a lokacin babu ɗan wasan da ƙungiyar ta taɓa saya da tsadarsa, bai kuwa canja komai ba. An sallami Moyes a Afrilun 2014, wata goma da kama aiki, kuma ƙungiyar da ta zo ta ɗaya bara ta ƙare a ta bakwai. Waɗanda suka ce ƙaramin suna ne matsalar sun sami abin da suke so a bazarar da ta biyo, da aka kawo Louis van Gaal, wanda ya taɓa cin kofin zakarun Turai da Ajax, aka kuma sayo Ángel Di María daga Real Madrid a kan fam miliyan 59.7. Shekara guda Di María ya yi, aka sayar da shi ga Paris Saint-Germain da asara.

Leicester City kuwa, a bazarar 2015, al'amarinta ya zo a juye. Ta tsira daga faɗuwa da ƙyar, bayan ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshe, sai ga shi ta rabu da kocin da ya cece ta, Nigel Pearson, ta ɗauko Claudio Ranieri, ɗan Italiya, wanda aikinsa na ƙarshe kafin nan shi ne horar da tawagar ƙasar Girka, inda aka kore shi a Nuwamban 2014 bayan tsibiran Faroe, ƙasar da mutanenta ba su wuce kimanin dubu 50 ba, sun doke su har gida. Ijma'in masana ya tafi a kan cewa naɗin kuskure ne, kuma har Gary Lineker, ɗan garin kuma tsohon tauraron ƙungiyar, ya nuna mamakinsa a fili. Baƙin cikin magoya baya ya ƙaru da tafiyar Esteban Cambiasso, gwarzonsu na kakar da ta wuce, sai dai hankalinsu ya ɗan kwanta da aka sayo Gökhan Inler daga Napoli, kyaftin ɗin Suwizalan, domin ya toshe gurbin. Kusan babu wanda ya kula da wani gajeren Bafaranshe mai suna N'Golo Kanté, wanda aka kawo daga Caen a kan fam miliyan 5.6.

Inler da ƙyar ya buga wasanni kaɗan. Kanté ya zama ginshiƙin tsakiya, Leicester ta ɗauki kofin Firimiya a 2016 da maki 81, sau uku kacal aka ci ta a gasar gaba ɗaya. Ba na musun cewa akwai rabo a cikin wannan nasara, domin manyan ƙungiyoyi duka sun yi tuntuɓe a shekara ɗaya, amma akwai abin da Ranieri ya yi da gangan, wanda shi ne akasin abin da Moyes ya yi, watau ya tarar da ma'aikata ya bar su a kan aikinsu. Craig Shakespeare ya ci gaba da zama mataimaki, Steve Walsh kuma ya ci gaba da farautar 'yan wasa, kuma shi Walsh ɗin nan yana cikin waɗanda suka kawo Jamie Vardy daga Fleetwood Town a 2012 a kan fam miliyan ɗaya, da Riyad Mahrez daga Le Havre a 2014 a kan kuɗin da bai kai rabin miliyan ba, kuma shi ne ya dage a kan Kanté. Mai goyon bayan da ya zauna a Yulin 2015 yana auna farashi da suna babu yadda za a yi ya hango wannan, amma da ya tambaya wane ne yake zaɓen 'yan wasa a ƙungiyar, kuma ko sabon koci ya amince da shi, da ya fi kusa da gaskiya fiye da masu sharhin jaridu.

Bazarar da ta biyo baya ta shafe mu kai tsaye, domin a Yulin 2016 Leicester ta sayo Ahmed Musa daga CSKA Moscow a kan kimanin fam miliyan 16, wanda a ranar babu ɗan wasan da ta taɓa kashe wa haka. Yaron da ya yi fice a Kano Pillars, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ga shi ya shiga ƙungiyar da ke riƙe da kambun Ingila, saboda haka ba abin mamaki ba ne da mutane da yawa a Arewa suka karkata ga Leicester a wannan shekara. Da aka buga wasan sada zumunta da Barcelona a farkon Agusta ya zura ƙwallo biyu, sai masu iya magana suka ce ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Karin maganar gaskiya ne a muhallinsa, sai dai wasan share fage ba Laraba ba ce, domin a cikinsa koci gwaji yake yi, manyan 'yan wasa kuma tsoron rauni suke ji.

Abin da murnar ta rufe shi ne cewa a cikin watan nan na Yuli Kanté ya koma Chelsea a kan kimanin fam miliyan 32, Walsh kuma ya tafi Everton. An kashe kuɗi fiye da bara, har aka ƙara da Islam Slimani daga Sporting ta Lisbon a kan kuɗin da ya zarce na Musa, amma mai tare tsakiya ya tafi, mai zaɓen haja ma ya tafi. Musa, wanda ƙarfinsa gudu ne a bayan masu tsaron baya, ya tarar Vardy ya riga ya mallaki wannan aiki, sai aka riƙa sa shi a gefe ko a benci, ya ƙare kakar da ƙwallo biyu a gasar Firimiya. An sallami Ranieri a Fabrairun 2017, wata tara bayan ɗaga kofi, Chelsea kuwa da Kanté a tsakiyarta ita ta ɗauki gasar ta wannan shekara. A majalisu aka koma gardama, wasu suna cewa koci ne ya zalunci ɗanmu, wasu suna cewa wasan Ingila ya fi ƙarfinsa, alhali kuwa mafi kusa da daidai shi ne an sayo shi ne domin gurbin da akwai mai shi. Da aka mayar da shi aro CSKA Moscow a Janairun 2018 ya sami damar buga wasa a kai a kai, kuma a watan Yunin shekarar ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Iceland a gasar cin kofin duniya ta Rasha, bayan 'yan makonni kuma Leicester ta sayar da shi ga Al-Nassr ta Saudiyya.