Madubin hangen nesa: ɗan ƙarfen da ke raba ɗan kasuwa da mai saye

Duk lokacin da watan Sha'aban ya doshi ƙarewa, hankalin Musulmi daga Garwa har Yola yakan koma yamma. A Nijeriya ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato, a Kamaru kuma ana sauraron hukumar ganin wata ta ƙasa. Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 kuwa a Fabrairu, kuma da yake kowace shekara yana matsowa da kwana kusan 11, duban wata ya shiga lokacin hazo. Wannan ne ya sa ɗan kasuwar da ke kawo babban madubin hangen nesa mai ido biyu zai iya samun masu saye a masallatai da fadojin sarakuna. Sai dai fa cinikin yana da tarko, kuma tarkon ɗan ƙaramin ƙarfe ne.

Lambobin da ke jikin madubin su ne farkon abin lura. Idan an rubuta 15x70, ana nufin yana kusanto da abu sau 15, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 70 ne. Mai 7x50 ko 10x50 hannu na iya riƙe shi. Amma mai 15x70 ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, mai 20x80 ya haura kilo 2, mai 25x100 kuwa kusan kilo 4. Kamar yadda madubi ke kusanto da wata sau 15, haka yake ninka rawar hannu sau 15. Jinjirin wata kuma siriri ne kamar zare, ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana, saboda haka dole a ɗora madubin bisa maɗori mai ƙafa uku.

Abin da ke haɗa madubi da maɗorin shi ne adafta, wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar harafin L. Da yawa daga cikin madubai masu araha da adaftar roba suke zuwa. Roba tana lanƙwashewa ƙarƙashin nauyi, iska kaɗan ta kaɗa sai hoto ya yi ta rawa, ga kuma zafin Garwa da ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Adaftar alminiyam ko baƙin ƙarfe, mai kauri da faɗin gindi, ita ce ta aiki. Manyan madubai na 20x80 da 25x100 galibi suna da sandar ƙarfe a tsakiya, wadda ake zamar da maɗaurinta gaba ko baya har nauyi ya daidaita.

Babbar asara tana wajen sukuru. Ramin da ke jikin madubi da kyamara na awon inci ne: kaurinsa rubu'in inci, wato milimita 6.35, da haƙora 20 a kowane inci. Kamaru kuwa da awon mita ake aiki, sukurun da mai walda ko bakanike zai fi saurin ɗaukowa shi ne M6. A ido kamar ɗaya suke. Amma tazarar haƙoran M6 milimita 1 ce, ta wancan kuma 1.27. Zai shiga juyi ɗaya ko biyu ya cije, idan aka matsa da ƙarfi ya cinye haƙoran ramin, madubi mai tsada ya tashi daga aiki. Mai walda zai iya ƙera adafta mai kyau, muddin an kai masa sukurun asali.

Kafin a biya dila, a ɗora madubin, a saita shi kan abu mai nisa kamar dutsen Tinguelin, a ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa. Idan hoto ya natsu cikin daƙiƙa biyu, kaya ya yi. A duba kuma ko abu ɗaya yana fitowa biyu, domin jijjigar mota a hanyar Mubi ko Marwa tana karkatar da gilasan ciki. Shi ma maɗorin ya zama wanda zai ɗauki ninkin nauyin madubin.

Kasuwar ba ta tsaya ga azumi ba. Garwa na da makarantar horar da ma'aikatan gandun daji tun 1970, ga gandayen Benuwai da Faro da Buba Njida. Sai dai tun rikicin Boko Haram da ya taɓa Amchide da Fotokol a 2014, jami'an tsaro na sa ido, don haka rasit da takardar duwan kada su bar jaka.

Nasiha ta ƙarshe ga kowane mai saye ita ce kada ya kuskura ya ɗaga madubi yamma kafin rana ta faɗi gaba ɗaya, domin kallo ɗaya na iya makantar da mutum. Ɗan kasuwar da ya faɗi wannan ya sauke amana. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.