Sanƙarau da Ciwon Sanyi: Suna Biyu, Dangi Ɗaya

Bahaushe kan raɗa wa cuta suna bisa abin da ido ya gani. Sanƙarau ya fito daga aikatau "sanƙare", domin wuyan majinyaci kan ƙage. Ciwon sanyi kuwa sunan sakaye ne. A bakin manomin Jiratawa babu abin da ya haɗa cututtukan nan biyu.

Masana kimiyya ƙwayar cutar suke dubawa. A 1879 Albert Neisser, Bajamushe, ya gano ƙwayar ciwon sanyi. A 1885 Trevisan, ɗan Italiya, ya laƙaba wa danginta sunan Neisseria. Ƙwayar da Weichselbaum ya ware daga masu sanƙarau a 1887 ita ma cikin dangin aka sa ta daga baya, don kamarsu ɗaya: biyu-biyu suke zama, kamar ɓarin gyaɗa.

Wuyar aikin tana ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci, domin ƙwayar sanƙarau rukuni-rukuni ce. Allurar da aka fara a Nijar a 2010 rukunin A kaɗai take tarewa, annobar 2015 kuwa galibi rukunin C ne. Littafin da ya ce "allurar sanƙarau" kurum, bai ambaci rukunin ba, zai sa uwa a Maraɗi ta ɗauka ɗanta ya tsira, ta yi jinkirin kai shi likita ranar da wuyansa ya ƙage.