Maganar Gwamnati da Farashin Sa: Yadda Falke Zai Saurari Taron Manema Labarai



A wannan fitowar ina so mu tattauna a kan wani abu da ba a kara ake yin sa ba, amma sau da yawa shi ke yanka farashi a kara, watau taron manema labarai da sanarwowin gwamnati. Da yawa daga cikinmu in aka ce minista zai yi magana a rediyo sai su ce wannan harkar ƴan boko ce. To amma mu da muke sayen sa da sefa, mu sayar da shi da naira, mu tsallake iyaka da shi, kalma ɗaya daga bakin minista tana iya cinye ribar shekara tun dabba ba ta sauka daga tirela ba.

Iri nawa ne maganar gwamnati?

Maganar gwamnati iri 3 ce, kuma ya kamata mu rarrabe su. Ta farko ita ce sanarwar da ake karantawa, kamar sakamakon taron majalisar ministoci da muke ji a Muryar Sahel ko a Tele Sahel. Mai karatu ya karanta ya tashi, babu mai tambayarsa. Ta biyu ita ce taron manema labarai, inda minista ko kakakin gwamnati ke zama gaban ƴan jarida ya yi bayani, sa'an nan su yi masa tambayoyi. Ta uku ita ce takardar doka mai lamba da kwanan wata da sa hannu, wadda ita ce ma'aikacin duwan ko jandarma ke aiki da ita a bakin shinge.

Amfanin taron manema labarai duka yana cikin tambaya ne. Kowa ya san in mai sa ya ce sansa lafiya lau, mai saye ba ya tsayawa nan. Sai ya buɗe baki ya duba haƙora, ya taɓa tozo, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Tambayar ɗan jarida ita ce wannan dubawar. Saboda haka taron da aka hana tambaya, ko aka zaɓi masu tambaya tun daga ofis aka ba su abin da za su faɗa, daidai yake da a sayar maka da sa cikin duhu a ce kada ka haska fitila.

Darasin Janairu 1994

Dattawan wannan sana'a ba su manta da karya darajar sefa ba. Tun daga 1960 faran ɗaya na Faransa yana daidai da sefa 50, har mutane suka ɗauka abin ba ya motsi. A cikin 1993 raɗe-raɗi ya cika kasuwa cewa za a karya kuɗin, hukumomi kuwa suka yi ta musantawa. Amma a watan Agusta na wannan shekarar sai manyan bankunan yankin suka daina karɓar takardun sefa da aka fitar zuwa ƙasashen da ba sa amfani da ita. Masu lura, musamman ƴan canji, tun daga nan suka gane akwai abin da ke tafe.

A watan Janairu 1994 aka tara shugabannin ƙasashen sefa a Dakar, aka shaida wa duniya cewa za su tattauna ne a kan kamfanin jiragen sama na Air Afrique. Ashe shugaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya, Michel Camdessus, da ministan Faransa mai kula da hulɗa da ƙasashenmu, Michel Roussin, suna wurin. Da daren 11 ga wata ministan kuɗin Kamaru, Antoine Ntsimi, ya karanta sanarwa cewa daga 12 ga Janairu faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100. Watau an raba darajar kuɗinmu biyu cikin dare ɗaya.

Mu ɗauki misali. Wanda ya ba da shanu bashi a kan jika 500, da aka biya shi jika 500 ɗin ya karɓa cif, amma in zai sayi abin da ke zuwa daga Turai, kamar maganin dabbobi ko kayan gyaran mota, kusan rabin abin da zai saya a da ne kuɗin ke iya saya. Wanda kuwa dukiyarsa ke tsaye da ƙafa huɗu bai yi wannan hasarar ba, har ma ya ci riba, domin naman ƙanƙara da ake kawowa daga Turai ya yi tsada a biranen bakin teku irin su Abijan, aka koma neman dabbobin Sahel. Mutum biyu, sana'a ɗaya, kasuwa ɗaya, bambancinsu kawai shi ne ɗaya ya yarda da musun hukuma ya riƙe takarda, ɗayan bai yarda ba.

Sai a yi adalci a nan. Babu gwamnatin da za ta ce ranar kaza zan karya kuɗina, domin kafin ranar kowa zai kwashe nasa ya canza. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Amma akwai tazara tsakanin shugaba ya ce ba zan yi magana a kan wannan ba, da ya ce har abada ba za a yi ba. Na farko ya riƙe sirri, na biyu ya kashe amincin maganarsa. Shi ya sa har yau da zarar an ji raɗe-raɗin karya sefa, ko babban banki ya musanta, ƴan kasuwa ba sa natsuwa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Rufe iyaka ba tare da wa'adi ba

Uzurin sirrin kuɗi bai shafi iyaka ba. A ranar 20 ga Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma bayanin farko da aka yi shi ne atisayen haɗin gwiwa ne na jami'an tsaro. Sai bayan mako guda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana wa takwaransa na Benin, a ƙasar Japan, cewa fasa-ƙwaurin shinkafa ne dalili. A watan Oktoba shugaban kwastan, Hameed Ali, ya ce an hana shiga da fitar kowane irin kaya ta ƙasa. Daga baya aka ambaci 31 ga Janairu 2020, ranar ta zo ta wuce. Ba a buɗe ba sai 16 ga Disamba 2020, inda aka fara da Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Kusan wata 16 ke nan. Tsofaffinmu sun ga irinta: an rufe a Afrilu 1984 lokacin canjin naira, ba a buɗe ba sai 1986, har yunwar da ta haɗu da rufewar aka sa mata suna El-Buhari.

Kada kuma mu ɗora wa maƙwabta laifi su kaɗai. A watan Mayu 2025, ana saura kusan wata guda babbar salla, ma'aikatar kasuwancin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje, don a wadata kasuwannin cikin gida. Niyyar sauƙaƙa wa talaka ragon layya niyya ce mai kyau. Amma ragon da za a kai Ikko ko Abijan ba a makon salla ake sayensa ba, watanni ake yi ana turka shi, kuma da yawa da kuɗin bashi ake yi.

Abin da muke so masu ofis su gane shi ne dabba ba buhun shinkafa ba ce da za a jibge a sito. Tana ci, tana sha, tana rama. Kowace ranar da garke ya kwana a bakin iyaka akwai kuɗin dusa da harawa, kuɗin ruwa, kuɗin yaran da ke tsaro, ga mai mota yana lissafin kwanansa. In gwamnati ta ga dole ta rufe, ikonta ne. Amma ta faɗi dalili, ta faɗi ranar farawa, ta ba kayan da ke kan hanya wa'adin isa.

In hukuma ta yi baki biyu

Wani ciwon kuma shi ne manya su saɓa wa juna a bainar jama'a. A ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1000, aka ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairu 2023. Aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kotun ƙoli ta ce a dakata. Ranar 16 ga Fabrairu shugaban ƙasa ya ce tsohuwar 200 kaɗai ce za ta ci gaba. Ranar 3 ga Maris kotun ta ce duka ukun suna aiki har ƙarshen shekara, amma babban banki bai ce uffan ba sai 13 ga wata. A cikin waɗannan kwanakin, falken da ya sayar da shanu a Maigatari ranar Alhamis aka miƙo masa tsofaffin kuɗi, maganar wa zai bi? Ya karɓa ɗan canji ya ƙi, ko ya ƙi ciniki ya lalace?

Gaskiya tana da riba

Ga misali daga gida da ke nuna amfanin faɗin gaskiya. Bayan fari da fārin ɗango na 2004, a shekarar 2005 hatsi ya yi tsada, dabbobi suka rame, farashinsu ya faɗi warwas, har makiyayi ya kan rabu da saniya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A watan Agusta na shekarar Shugaba Mamadu Tanja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar. A 2010 kuwa, da Janar Salu Jibo ya karɓi mulki a watan Fabrairu, cikin ƴan kwanaki ya fito fili ya ce yunwa na barazana ga miliyoyin mutane, gwamnatinsa ta nemi taimako. Faɗar ba ta sa an yi ruwa ba, kuma dabbobi da yawa sun mutu a wannan shekarar. Amma wanda aka gaya wa gaskiya da wuri yana da damar rage garke tun dabba na da nama a jiki, ya sayi abincin da zai riƙe sauran.

Wa ke biyan kuɗin rashin yarda?

Mun san yadda amana ke aiki a sana'armu. Ana ba da shanu na miliyoyi bashi a zangon Agege ba tare da takarda ba, saboda mai masauki ya tsaya. Ranar da maganarsa ta tashi sau ɗaya, sau biyu, babu mai sake sauka gidansa. Haka abin yake ga gwamnati, sai dai ita ba a iya sauya mata masauki. Abin da falke ke yi shi ne ya sa tsoronsa cikin farashi: ya taya wa makiyayi ƙasa-ƙasa don kada a rufe hanya, ya ƙi ba da bashi, ya ƙara wa mahauci. Makiyayi a daji da mai cefane a birni su ke biya. Sa'an nan inda bayani ya yi ƙaranci jita-jita ke sarauta, musamman yanzu da saƙon murya ɗaya a WhatsApp ke iya tayar da kasuwa. Daɗin daɗawa, dokar da ba a fayyace ba abinci ce ga wasu masu shinge, kowa da fassararsa, kowace fassara da kuɗinta.

Tambayoyi 5 kafin ka ɗaura ko ka kwance

In ka ji sanarwa, kafin ka loda mota ko ka karyar da kaya, nemi amsar waɗannan:

1. Wa ya faɗa, kuma shi ke da ikon abin? Maganar ministan kiwo ba ta buɗe shingen duwan.
2. Akwai takarda mai lamba da sa hannu, ko magana ce ta fatar baki?
3. Yaushe za ta fara aiki, yaushe za ta ƙare?
4. Wace dabba ta shafa, wace iyaka, kuma me aka ce game da kayan da ke kan hanya?
5. Ɗaya ɓangaren iyakar fa, me suka ce? Ƙofa biyu ce. A 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar ranar 24 ga Fabrairu, amma sai cikin Maris Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, bayan ƴan kwanaki kuma Nijar ta buɗe nata.

In amsa 2 ko 3 sun ɓace, a kira wakilin ƙungiya na bakin iyakar a ji abin da idonsa ya gani. Gani ya kori ji.

Kiranmu ga hukumomi

Ba alfarma muke roƙo ba. A shekarar 2011 Nijar da Najeriya kowacce ta kafa dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukuma. Muna kira da a riƙa ba da wa'adi kafin duk wani mataki da ya shafi fitar da dabbobi ko kuɗin fito. A riƙa yin bayanin da Hausa, Fulatanci, Zabarmanci, Barbarci da Buzanci, ba da Faransanci ko Turanci kaɗai ba. A liƙa takardar doka a ofishin duwan da kasuwannin kara. A bar ƴan jarida su yi tambaya ba tare da tsoro ba, a kuma gayyaci wakilan fatake da makiyaya tun kafin a yanke hukunci. In an sauya magana, a fito a ce an sauya, a faɗi dalili.

Mu ma akwai namu. Kada mu yaɗa abin da ba mu tabbatar ba don mu karya farashin ɗan'uwa, kuma shugabannin rassanmu su riƙa karanta wa mambobi lissafin kuɗin ƙungiya a fili, su amsa tambaya. Ba ya kyautu mu nemi abin da mu kanmu ba ma yi.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya kiyaye hanya, ya ba mu sa'ar kasuwa. Wassalam.