Kuɗin Fito Na Dā Da Na Yau: Yadda Aka Rage Wa 'Yan Kasuwar Kaduna Kaya

Duk wanda ya taɓa kasa haja a babbar kasuwar Kaduna, watau Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko ya sauke buhunan hatsi a Kawo, ya san yawan masu karɓa ya fi yawan haraji karya jari. A shekarun baya, kafin azahar mai kanti ya ga masu karɓa bi da bi, kowa da tasa takarda: wannan na ƙaramar hukuma, wancan na jiha, wani na tsabtar gari, wani na allon da aka kafa a ƙofa. Abin da aka karɓa kuwa ba ya tsayawa kan ɗan kasuwa, sai ya ɗora shi bisa mudu, talaka ya biya.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Turawa ma da suka zo sun aza wa ayari kuɗin fito, amma suka soke shi a 1907, gama yana danne fatauci. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna.

Babban gyara na wannan zamani ya zo a 2016, sa'ad da Malam Nasiru El-Rufa'i ke gwamna. Aka yi doka wadda ta tara harajin jiha da na ƙananan hukumomi cikin kundi guda, ta danƙa karɓarsu ga hukuma ɗaya, ta kuma hana ma'aikaci karɓar tsabar kuɗi a hannu, sai dai a biya ta banki. Aka kuma kafa hukumar KADGIS mai kula da takardun filaye. A 2018 Bankin Duniya ya sa Kaduna cikin jihohin da suka fi samun ci gaba wajen sauƙaƙa kasuwanci a Nijeriya. Sa'an nan a 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta yarda mutum ɗaya tak ya yi rajistar kamfani, ta kuma ɗauke wa ƙaramin kamfani tilashin ɗaukar mai binciken lissafi.

Ba kowace doka ce kaya ba. Duba mudu da sikeli, da tsare hanyar motar kashe gobara cikin kasuwa, kāriya ce ga mai saye da mai sayarwa baki ɗaya. Abin ƙi shi ne a biya abu guda sau biyu, ko a rufe kanti yini cur ana neman sa hannun mutum ɗaya.

Amma doka a takarda ba ta tare hannu, sai in an san ta. Wanda bai san abin da ke kansa ba, duk abin da aka ce ya biya sai ya biya. Saboda haka ya wajaba shugabannin kasuwa su nemi kundin nan, a karanta wa jama'a da Hausa, malamai kuma su taya da faɗakarwa. Ɗan kasuwa ya biya abin da doka ta aza masa cikin lokaci, ya karɓi rasit, ya adana shi kamar yadda yake adana littafin bashi. Allah Ya sa albarka cikin nema, amin.