Tazarar Yatsu Biyu a Ƙarƙashin Bonet

A hutun zangon da ya wuce na koma gida Tungar Daji, na tarar kawuna ya yi wa Golf 3 ɗinsa gyara. Da ita yake jigilar mutane da buhunan hatsi zuwa Anka, wani lokaci har Gummi. Saboda tana yawan zafi idan ta sha kaya, sai aka sa mata lagireto mai kauri da aka sayo a Ƙofar Ruwa ta Kano, aka kuma cire injekta aka ɗora kafireto. Bonet ya rufu, inji ya tashi, kowa ya ce madalla.

Sati biyu ba su cika ba tiyon ruwa na sama ya huje a hanya, dab da magariba. Duk ɗan yankinmu ya san abin da tsayawa a daji a wannan lokaci ke nufi, don haka Kawu ya ci gaba da tafiya babu ruwa har gasket ya ƙone. Da muka buɗe, sai ga tabo a jikin tiyon daidai inda ƙarfen fanka ke gogarsa. Abin mamaki, idan mota na tsaye ba sa taɓa juna.

Wani tsohon bakanike a Anka ne ya warware mini. Ya ce, “Ɗana, inji ba dutsi na ba, shina motsi.” Injin Golf a gicciye yake, zaune kan robobi. Duk lokacin da aka taka totur ko aka saki kuloci, yana rinjaya gaba da baya. In robobin sun mutu, ga gargada ga lodi, rinjayar sai ta ƙaru. Sabon lagireton ya cinye filin da kamfani ya bar wa wannan motsi.

To, 'yan uwana ɗalibai, musamman masu shirin fita SIWES a gareji, ga yadda muka bi.

Da farko muka canza robar injin ta gaba, domin awo a kan matacciyar roba aikin banza ne. Sannan muka ja hambirki, muka sa waigi a tayoyi, Kawu ya sa giya ɗaya ya ɗan saki kuloci, ya sake yi da ribas, ni kuma ina tsaye a gefe, ba a gaban mota ba, ina kallon inda inji ke kaiwa. Muka goga alli a ƙarfen fankar. Duk inda farin ya koma jikin tiyo, nan ne matsalar. Muka sassauta kilif, muka juya tiyon, mai walda ya gyara mazaunin fankar har yatsu biyu suka shige, wato kusan santimita 3.

Saman kafireto kuwa ido ba ya ganinsa in an rufe bonet. Sai muka dunƙula yumɓu a kan murfin iyakilina, muka rufe a hankali, muka buɗe. Kaurin da yumɓun ya rage shi ne tazararka.

Na ƙarshe shi ne zafi. A wannan inji kafireto na zaune ne a saman bakin salansa, wanda kan wuce digiri 500 idan mota na jan kaya. Tiyon fetur ba sai ya taɓa shi ba kafin ya bushe ya tsage. Muka ɗauke shi ta wata hanya, muka ɗaure, muka mayar da farantin kare zafi da aka yar wai ba shi da amfani.

Abu ɗaya da tsohon ya hana: yanke ƙarfen gaban mota don a samu fili. Ya ce a matsar da ƙaramin abu, a bar ƙashin mota.

Kuɗin gasket da wankin kan silinda sun cinye wa Kawu ribar makonni. Yumɓu da alli kuwa ko sisi ba mu biya ba.