Wot ta mutum biyu: Dokokin da ke haɗa abokai gardama a majalisun Unguwar Rogo

Da zarar rana ta yi sanyi bayan La'asar, majalisun matasa a Unguwar Rogo da ke birnin Sakkwato kan fara cika. Wasu na hirar ƙwallo, wasu na jiran mai shayi ya hura wuta, wasu kuma sun shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro suna buga kartar wot.

Idan 'yan wasa sun kai huɗu ko biyar, akan yi raha a tashi lafiya. An fi samun rigima idan mutum biyu ne suka fuskanci juna, domin duk katin da ɗaya ya ajiye, a kan abokinsa kaɗai yake sauka. Ana iya shafe minti goma ana wasa, a shafe rabin sa'a ana musu a kan kati ɗaya, har abokai su kwana ba sa magana.

Yawancin wannan gardama ba ta da alaƙa da maguɗi. Kowa da dokar da ya koya a gidansu, ko a makarantar kwana, ko a manhajar waya, kuma kowa na ganin tasa ce ta asali.

Daga Ingila zuwa bakin tabarma

Wani Bature mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro wasan a Ingila a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga shi. Ya girmi wasan Uno, wanda ya fito a Amurka a 1971, ko da yake salonsu ɗaya ne: wanda ya riga zubar da katunan hannunsa shi ya ci.

A Najeriya wasan ya samu gida, ya kuma samu sababbin dokoki da suka bazu daga baki zuwa baki. Wannan ne ya sa abin da aka saba da shi a Legas kan ɗan bambanta da na Kano ko Sakkwato, wani lokaci ma tsakanin majalisa biyu a layi ɗaya.

Abin da babu saɓani a kai

Cikakken ƙunshin wot kati 54 ne. Akwai 12 masu da'ira, waɗanda ake kira ƙwallo, da 12 masu kusurwa uku, da 9 masu kuros, da 9 masu siffar akwati, da 7 masu tauraro. Sauran biyar su ne katunan wot masu lamba 20. Babu lamba 6 da 9 a cikin ƙunshin gaba ɗaya.

Bayan an raba, yawanci huɗu zuwa shida ga kowa, sai a buɗe kati ɗaya a tsakiya, a kife sauran a gefe. Wannan tarin shi ne kasuwa. Mai wasa zai ajiye katin da ya dace da na tsakiya a siffa ko a lamba. Idan ba shi da shi, ya tafi kasuwa ya ɗauki ɗaya.

Katuna masu iko kuwa shida ne a salon da ya fi yaɗuwa. Lamba 1 tana tsayar da abokin wasa, lamba 2 tana sa ya ɗauki biyu, lamba 5 ya ɗauki uku, lamba 8 ta tsallake shi, lamba 14 ta tura kowa kasuwa ban da wanda ya ajiye ta. Mai lamba 20 tana hawa kan kowane kati, kuma mai ita ne zai faɗi siffar da yake so a bi.

Inda gizo ke saƙar

A wasan mutum huɗu, 1 da 8 suna da bambanci: ta farko tana ba mai ita damar sake wasa nan take, ta biyu kuma tana tsallake na kusa da shi, wasa ya wuce ga na gaba. Amma idan mutum biyu ne, aikinsu ya zama ɗaya, tunda duk wanda aka tsallake, wasa kan mai katin yake dawowa. Haka ita ma 14 ta koma umarnin ɗaukar kati ɗaya ga abokin hamayya kawai.

Daga nan ne gardamar farko ke tasowa. Mai riƙe da 1 da 8 na kusurwa uku, da kuma 8 ta tauraro, zai iya sauke su a jere ya gama, abokinsa bai taɓa kati ba. Wasu majalisun sun yarda da haka. Wasu sun ce ba a rufe wasa da kati mai iko, dole mutum ya koma kasuwa.

Gardama ta biyu ita ce kariya. Idan aka ajiye wa mutum 2, yana iya ɗora tasa 2 ya mayar da hukuncin ya zama huɗu? A wasu wurare haka ake yi, a wasu kuma ɗorawar tana kashe hukuncin ne kawai, a wasu babu kariya sam.

Ta uku ita ce sanarwa. Wanda kati ɗaya ya rage masa dole ya sanar kafin abokinsa ya yi wasa. Hukuncin wanda ya manta ne ake saɓani a kai: kati ɗaya zai ɗauka ko biyu?

Ta huɗu tana zuwa ne idan kasuwa ta ƙare. Ko dai a sake gauraya katunan tsakiya a ci gaba, ko a ƙirga lambobin hannu, mai ƙarancin maki ya ci. A ƙirgar, tauraro ninki biyu ake lissafa shi, don haka 8 ta tauraro maki 16 ce, wot kuma 20.

Wasan lissafi ne

Masu ganin wot sa'a ce kawai su ne suka fi shan kashi. A wasan mutum biyu, duk katin da ba ya hannunka kuma bai sauka a tsakiya ba, yana hannun abokinka ko a kasuwa. Mai lura yana iya gane abin da ya rage.

Lamba 12 guda biyu ce kacal, a ƙwallo da kusurwa uku. Lamba 8 uku ce, 14 huɗu, sannan 1 da 2 da 5 kowacce biyar. Tauraro ba ya wuce lamba 8, kuros da akwati kuma ba su da 4 da 8 da 12. Gwani kan ɓoye wot har ƙarshe, ya kira siffar da ya ga abokinsa ya kasa bi a baya. Sai dai riƙe ta ganganci ne idan kasuwa ta kusa ƙarewa kuma ƙirga za a yi.

Idan kuɗi ya shiga

Musun da ake yi da dariya kan koma zagi ko dambe da zarar an ɗora kuɗi, ko da kuɗin shayi ne. A nan wasa ya zama caca, wadda Musulunci ya haramta, kuma Sakkwato na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Shi ya sa iyaye da dama ke kallon duk mai riƙe da karta da zargi, ko da nishaɗi kawai yake yi.

Majalisun da suka daɗe ba su watse ba suna da al'ada ɗaya. Kafin a raba kati, a tsayar da magana a kan abu huɗu: ko ana rufewa da kati mai iko, ko ana kare 2 da 5, hukuncin mantuwa, da abin da za a yi idan kasuwa ta ƙare. Baƙo kuma dokar tabarmar da ya tarar yake bi. Wannan yarjejeniya ba ta cin minti ɗaya, kuma da ita ake iya ajiye karta da kiran Magariba, kowa ya tashi ba tare da riƙe ɗan'uwansa a zuci ba.