Daga Indiya Zuwa Kebbe: Hanyar Da Ƙwaya Ke Bi

Idan damina ta faɗi, ka leƙa gonakin Kebbe da Kuchi da Tambuwal, za ka ga wasu 'yan ƙwadago sun duƙufa tun hantsi har la'asar ba su ɗaga kai ba. Wasunsu ba ƙarfin tuwo ne ke riƙe da su ba, tramol ne suka jefa a shayin safe. Haka wasu 'yan kabu-kabu da direbobin hanyar Sakkwato zuwa Jega. Ƙwayar nan kuwa ba a Kebbe aka yi ta ba, ba ma a Najeriya ba.

Yawancinta a Indiya ake sarrafa ta. A jirgin ruwa take zuwa, a sauke ta a Legas ko Kwatano ko Lome, a hau da ita arewa cikin manyan motoci. Wata ta tsaya a kasuwanninmu, wata ta tsallaka Nijar har Agadas da Libiya. Hukumar NAFDAC ta yarda ne da mai miligiram 50 da 100, shi ma da takardar likita. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa mai 200 ne ko 225, wanda ke jawo farfaɗiya da taɓin hankali.

Fataucin da ya ratsa ƙasashe haka, gwamnati ɗaya ba ta iya masa. Shi ya sa a 1988 aka ƙulla yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Biyana, inda ƙasashe suka amince su riƙa musayar bayanai da miƙa wa juna masu laifi. A 1989 Najeriya ta kafa hukumar NDLEA, wadda Janar Buba Marwa ke shugabanta tun 2021. A 2018 Indiya ta tsaurara dokar tramol, Najeriya kuma ta haramta maganin tari mai kodin. A watan Maris na 2021 jami'an Nijar suka kama tan 17 na tabar wiwi a Yamai, wadda ta taso daga Lebanon ta ratso tashar Lome. Sai dai 'yan fataucin ba sa barci: da aka matsa wa tramol, sai suka ɓullo da wasu ƙwayoyin masu irin aikinsa da sababbin sunaye.

Akwai labarin da ya kamata duk maniyyaci ya riƙe. A ƙarshen 2018 aka kama wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya, inda ta je Umra, saboda an samu tramol a jakar da ke ɗauke da sunanta. Hukuncin fataucin ƙwaya a can kisa ne. Binciken NDLEA ya gano cewa wani gungu ne a filin jirgi ya maƙala sunanta a kayan da ba nata ba. Da gwamnatocin biyu suka tattauna, aka sake ta a watan Afrilu na 2019. Ba kowa ke samun wannan rabo ba.

Don haka idan za ka Hajji ko Umra, kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba, ko da na ɗan unguwarku ne, kuma ka ƙidaya jakunkunan da aka rubuta da sunanka. Direba, tambayi abin da ke cikin kwali kafin ka ɗora. Mai gona, in ka ga ɗan ƙwadagonka ba ya gajiya, kada ka yi murna, ka bincika. Mai unguwa da liman, kun san wanda ke sayarwa a bayan tasha. Ku kai wa hakimi ko ofishin NDLEA.

Jami'ai na iya tare kwantena a Legas, amma kwalin da ya riga ya iso kasuwar Kebbe, idonmu ne kaɗai zai gan shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.